Wa Ya Haƙa Hanyar? Tsokaci a Kan Jigon Na'ura a Adabin Hausa

Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun saba kasa jigogin waƙoƙi da ƙagaggun labarai gida-gida: wa'azi, yabo, siyasa, soyayya, wayar da kai da sauransu. Idan aka zo kan waƙar da ta yi maganar jirgi ko mota ko kumbo, galibi akan jefa ta cikin kwandon wayar da kai, a ce mawaƙi ya sanar da jama'a abubuwan zamani, daga nan a wuce gaba. A ganina an yi wa irin waɗannan ayyuka gaggawa. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne wurin da mawaƙi ko marubuci ya tsaya a lokacin da yake kallon na'ura. Akwai mai tsayawa a gabanta cikin 'yan kallo, ya riƙe baki yana al'ajabi. Akwai kuma mai zagayawa bayanta, inda waɗanda suka ɗauki nauyinta suke. Adabinmu yana da duka biyun, amma na farko ya fi yawa, shi aka fi yabawa, shi kuma aka fi karantarwa.

Tambayar ba daga fagen adabi ta taso ba. Akwai wani fannin ilimi da ya bunƙasa a Turai da Amurka tun daga shekarun 1960, wanda aikinsa shi ne nazarin kimiyya da ƙere-ƙere a matsayin aikin mutane masu buƙatu da gaba da son zuciya. Thomas Kuhn, a littafinsa na 1962, ya nuna cewa masana kimiyya jama'a ce mai al'adunta da malamanta, tana da tambayoyin da ta yarda a yi da waɗanda take kau da kai daga gare su. A 1980 Langdon Winner ya tambaya ko abin da aka ƙera yana da siyasa a jikinsa, ya kawo misalin injin girbin tumatir da aka ƙirƙiro a Jami'ar Kaliforniya. Injin ya ƙara yawan tumatirin da ake girbewa, amma masu noman tumatir a jihar sun ragu daga kimanin 4,000 a farkon shekarun 1960 zuwa kimanin 600 a 1973, domin sai mai babbar gona ke iya sayensa. Har irin tumatirin sai da aka sake, aka samo mai taurin fata da zai jure wa ƙarfe. A 1984 kuma Trevor Pinch da Wiebe Bijker suka bi tarihin keke, suka nuna cewa tsohon keken nan mai ƙatuwar ƙafar gaba abin nuna bajinta ne a wurin samarin Ingila, alhali a wurin mata da dattawa abin karya ƙashi ne, kuma siffar keken da muka sani a yau ta fito ne daga jayayyar waɗannan rukunoni. Mai karatu zai tuna cewa Aliyu Namangi ma ya yi wa keke waƙa ta raha, tun kafin waɗannan masana su waiwayi keken.

Diga

Mu fara da kalma guda. Bahaushe yana kiran hanyar jirgin ƙasa digar jirgi, diga kuwa ita ce abin haƙa ƙasa mai baki biyu da lebura ke ɗagawa. Harshen da kansa ya raɗa wa hanyar sunan kayan aikin wanda ya haƙa ta, kuma akwai tarihi a bayan haka.

A 1907 aka naɗa Percy Girouard ya shugabanci mulkin Arewa. Injiniyan layin dogo ne, haifaffen Kanada, wanda ya riga ya shimfiɗa wa sojojin Ingila hanya a hamadar Sudan. A hannunsa aka fara aikin layin da ya tashi daga Baro, a bakin kogin Kwara, ya yi tafiyar mil 350 da 'yan kai, ya isa Kano a 1911. Babu manyan injinan haƙa a wannan aiki. Mutane ne suka sare daji, suka haƙa, suka ɗauki ƙasa a ka. Ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka riƙa tara su, kowace gunduma da adadin da aka yanka mata. Turawa sun ba wannan tsari suna mai laushi a takardunsu, jama'a kuwa da aikin tilas suka san shi. Akan biya leburorin da tsabar kuɗin Turawa, kuɗin da daga baya aka ce sai da su za a biya haraji, ta haka aikin diga ya taimaka wajen korar wuri daga kasuwa. Ƙasar Zazzau ta ɗanɗana wannan ƙwarai, domin bayan babban layin da ya ratsa ta, daga Zariya aka sake jan wani ƙaramin layi zuwa wuraren haƙar kuza na ƙasar Jos.

A cikin wannan hali ne Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920, ya rubuta Waƙar Diga. Muhimmancin waƙar a wurina yana farawa daga sunanta. Da wani ne, da jirgin zai yi wa waƙa: hayaƙinsa, kukansa, yadda yake cinye tafiyar kwanaki cikin yini. Shi kuwa aikin ya kalla, da abin da aikin ya yi wa mutane da ƙasa. Wani abin lura kuma shi ne matsayin mawaƙin. Turawa ne suka naɗa shi, ta hannunsa ake neman leburorin, kuma su ne suka tuɓe shi daga baya suka kai shi Lakwaja. Wanda aka sa ya tara mutane shi ne kuma ya zauna ya tsara baitoci a kan abin da aka tara su dominsa. Wannan cin karo shi ya ba waƙar nauyi, shi ne kuma iyakarta, domin muryar lebura ta iso gare mu ne ta bakin sarki. Duk da haka, tun a farkon ƙarni na 20 rubutacciyar waƙar Hausa ta riga ta yi tambayar da Winner ya yi a 1980.

Abin da ya biyo bayan isowar jirgin shi ma darasi ne. Burin Turawa shi ne auduga, don masaƙun Lankasha, har an kafa injin gurzar auduga a Zariya. Sai dai masaƙan Kano da marina suna sayen auduga da daraja fiye da kamfanonin waje, manomi kuwa ya san lissafinsa. Fataken goro masu zuwa Gwanja, waɗanda ke da jari da yaran ciniki a ƙauyuka, suka hango riba a gyaɗa, suka shiga rarraba bashi da kayan alheri ga manoma. Daga kakar 1912 gyaɗa ta fara cika tashar Kano fiye da yadda taragai za su iya kwashewa. Jan Hogendorn ya bi wannan labari dalla-dalla a littafinsa na 1978. Daga cikin waɗannan fatake ne Alhassan Ɗantata ya fito, daga nan kuma aka sami dalar gyaɗa. Wanda ya shimfiɗa hanya da niyyarsa, wanda ya yi amfani da ita da tasa.

Mu da ke karatu da karantarwa a nan kudu wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Jirgin da ya kashe ayarin Gwanja shi ya raya cinikin goro da shanu tsakanin Arewa da ƙasar Yarabawa. Unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, da zaman Hausawa a Agege da Shagamu, duk suna da alaƙa da wannan ciniki. Da yawa daga cikin ɗaliban da ke riƙe da wannan mujalla jikokin mutanen da digar ta kawo ne.

Al'ajabi

Ɗaya hanyar kallon kuwa, wato ta riƙe baki, ba haka kawai ta tsiro ba, an shuka ta ne. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, wanda ya rubuta a kan Kano, ya nuna yadda mahukuntan mulkin mallaka suka mayar da buɗe gada ko tashar jirgi ko gidan ruwa wani biki na musamman. Akan gayyato sarakuna da jama'arsu, a jera dawaki, a danna maɓalli, wuta ta kama ko ruwa ya zubo. Haka aka yi a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da aka buɗe aikin ruwan famfo da lantarki na Kano, aikin da baitulmalin En'e ya biya, wato harajin talakawa. Haka kuma aka ɗauki Sarkin Musulmi Hasan da sarakunan Gwandu da Kano aka kai su Ingila a 1934 don su gani da idonsu. Larkin ya kira wannan da abin da za mu iya fassarawa da kwarjinin mulkin mallaka. Manufar ita ce wanda ya gani ya ji a ransa cewa tsakaninsa da mai wannan iko akwai rata mai nisa, saboda haka biyayya ta zama hankali.

A nan ne ya kamata a sake karanta littafin Ikon Allah, na Rupert East da Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1949. Babu mai musun darajarsa. Ya ɗauki bayanin halitta, na sama da ƙasa da tsirrai da dabbobi, ya zuba shi cikin Hausa mai daɗi, irin wadda Imam ya ƙware a kanta. Sunan littafin kansa dabara ce mai kyau. A lokacin da iyaye ke ɗari-ɗari da makarantar boko, an gaya musu cewa duba halitta tafakkuri ne, kuma wannan gaskiya ce da malaman ƙasar nan suka sani tun da daɗewa. Ilimin taurari da hisabi ba baƙi ba ne a zaurukanmu. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar rubutu a kan lissafin hatimai da masana tarihin lissafi ke ambata har yau.

Matsalar ba a cikin littafin take ba, tana cikin ɗabi'ar da ta zauna a bakin masu karatu da marubuta bayansa. Al'ajabin da ya dace da halitta sai aka ɗauke shi aka ɗora wa ƙira. Mutum ya ga tsuntsu ya ce ikon Allah, ya ga jirgin sama ya ce ikon Allah, ya tsaya a nan. Maganar daidai ce a duka wuraren biyu, domin babu abin da ya fita daga ikonSa. Sai dai jirgin sama yana da kamfanin da ya ƙera shi, da bankin da ya ba da bashi, da ma'aikatan da suka haƙo ƙarfensa, da gonakin da aka karɓe aka yi masa filin sauka. Tsuntsu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Marubucin da ya yi wa na'ura kallon tsuntsu ya sallami duk waɗannan mutane daga labarinsa, kuma tare da su ya sallami duk wanda za a iya tuhuma. Ko a Tafiya Mabuɗin Ilmi, labarin ziyarar da Imam ya kai Ingila a 1943, matsayin mai ba da labari na baƙo ne da ake zagayawa da shi ana nuna masa. Ba laifinsa ba ne, haka aka tsara tafiyar. Laifin namu ne idan muka ɗauki wannan matsayi muka mayar da shi gado.

Majigi ya ƙara wa wannan ɗabi'a wani zubi. Motocin majigi sun riƙa zagaya garuruwa suna haska finafinan tsabta da noma a ƙofar fada, bisa tsarin da William Sellers, wani jami'in kiwon lafiya a Nijeriya, ya shimfiɗa kafin a ba shi jagorancin sashen finafinan ƙasashen mulkin mallaka a 1939. Zubin labaran kusan ɗaya ne: ga mai wayo da ya karɓi sabon abu ya ci riba, ga wawa da ya ƙi ya sha wuya. Wanda ya saurari wasannin kwaikwayon wayar da kai na gidajen rediyonmu zai gane wannan zubi, domin bai mutu ba. A cikinsa babu wurin mutumin da ya ƙi sabon abu bisa hujja.

Al'ajabi yana da ɗan'uwa, shi ne firgita. A watan Mayu na 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya a Kano, mutum 331 suka rasu. Fassarar da ta bazu a gari ita ce azaba ce ta sauka a kan masu kallon dodon bango. Mai al'ajabi da mai firgita sun yi tarayya a abu guda, dukansu sun ɗauki na'ura a matsayin wani abu da ya sauko daga sama. Fim ɗin wancan zamani abu ne mai saurin kama wuta. Ina aka ajiye shi, ƙofofi nawa ne a ginin, wa ya ba da izinin tara wannan jama'a a ciki, waɗannan tambayoyi ne da ake yi wa mutane, kuma fassarar azaba ba ta bar musu wuri ba.

Shekarar Kumbo

Shekarar 1969 ta ba mu ayyuka biyu da suka ɗaga kai sama. A watan Yuli na wannan shekara kumbon Apollo 11 ya kai Neil Armstrong da Buzz Aldrin doron wata, Alhaji Mamman Shata kuma ya yi wa kumbon waƙa. Abin da Shata ya yi ba ƙarami ba ne. A lokacin da wasu ke rantsuwa cewa ƙarya ce, babu mai iya taka wata, ya ɗauko labarin ya ɗora shi a kan kalangu, ya mayar da shi abin hira a tasha da kasuwa. Sai dai kayan aikin da ke hannunsa na yabo ne, yabo kuwa gwarzo guda yake nema. Kumbon ya zama gwarzon, kamar yadda ingarman doki ko wani barde zai zama. Abin da salon ba zai iya ɗauka ba shi ne cewa kimanin mutum 400,000 ne suka yi wa shirin Apollo aiki, an kashe masa wajen dala biliyan 25, kuma tseren nuna ƙarfi ne tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet. Masu sauraron waƙar a lokacin suna tsakiyar yaƙin basasa, jiragen da ke shawagi a samaniyar ƙasarsu na jefa bam ne. Ba na neman Shata ya zama malamin tarihi. Ina dai nuna cewa kowane salo yana da abin da yake gani da abin da yake rufe wa ido, kuma aikin mai nazari ne ya faɗi duka biyun.

A wannan shekara kuma kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, littafin da ake yawan ambata a matsayin farkon ƙagaggen labarin kimiyya a Hausa. Yaro ne mai suna Kilba ya haɗu da Kolin Koliyo, baƙo daga sararin samaniya, suka yi tafiya tare. Dembo ya cancanci yabo, domin ya buɗe wa yaron Bahaushe ƙofar yin mafarki da taurari cikin harshensa. Amma idan aka duba zubin labarin za a ga tsohon gini ne aka yi wa sabon shafe. Baƙon ya zauna a mazaunin aljanin tatsuniya mai ɗaukar tauraro ya kai shi wata duniya, abin hawan na baƙon ne, sanin na baƙon ne, yaron fasinja ne. Ilimi yana zuwa daga waje a matsayin kyauta ga wanda ya yi sa'a. Wannan shi ne matsayin sarakunan da aka zagaya da su Ingila a 1934, an dai mayar da shi sama.

Karen Mota

Wanda ya koma wurin da Aliyu Ɗan Sidi ya tsaya shi ne Ɗan Maraya Jos, da ɗan kuntiginsa. Mota ta sha waƙa a ƙasar Hausa, direbobi da masu motoci sun sha kirari. Shi kuwa ya zaɓi karen mota, yaron da ke loda kaya, ya sa weji a hawa, ya ɗebo ruwa idan inji ya yi zafi, ya kwana ƙarƙashin mota yana gadi, duk da fatan wata rana a miƙa masa sitiyari. Akwai raha a waƙar, har da zolaya, amma wanda ya saurare ta ya san cewa babbar mota ba ƙarfe da mai kaɗai ba ce. Akwai tsani na mutane a jikinta, daga mai mota zuwa direba zuwa ɗan kamasho zuwa wannan yaro da aka raɗa wa sunan dabba, kuma idan aka cire na ƙasan motar ba za ta kai Legas ba.

David Edgerton, a littafinsa na 2006, ya soki masu rubuta tarihin ƙere-ƙere saboda sun fi son ranar da aka ƙirƙiro abu, suna mantawa da shekarun da aka yi ana amfani da shi ana gyara shi. Ya kawo misalin unguwannin makanikai na Gana, inda ake raya motar da masu ƙera ta suka daɗe da yanke mata ƙauna. Ba sai mun je Kumasi ba. Duk wanda ya shiga Panteka a Kaduna, ko ya ga yadda kafintoci ke gina bodin katako a kan ƙashin babbar mota, ko ya zauna wurin mai gyaran janareto ko wayar hannu, ya san cewa mafi yawan hulɗarmu da na'ura ta gyara ce da dabara da haƙuri. Larkin ma ya tsaya a kan wannan, ya nuna cewa lalacewa da ɗaukewar wuta da dusashewar hoton kaset ɗin da aka kwafa a Ƙofar Wambai su ne ainihin yadda mutanen Kano suka san waɗannan kayayyaki. A nan ilimi na gida ne, mai shi kuma yana da suna da unguwa.

Littattafan soyayya da suka cika kasuwa daga tsakiyar shekarun 1980 sun cika da motoci, amma mota a cikinsu ado ce. Ana ambatar sunanta da launinta don a san nauyin aljihun saurayi, ba ta lalacewa, ba a ganin wanda ya wanke ta. Abin dariyar shi ne su kansu littattafan 'ya'yan na'ura ne, ƙananan maɗaba'u masu araha ne suka haife su, kamar yadda wayar hannu ta haifi magadansu na yau.

Bakolori da Kano

Ga abubuwa biyu da suka auku a ƙasar Hausa waɗanda salon al'ajabi ba zai iya ɗauka ba. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, a cikin jihar Zamfara ta yanzu. A takarda aikin ba shi da aibu: a tare ruwa, a yi noman rani, a sami alkama da shinkafa. A ƙasa kuwa, ruwa ya ci garuruwa da gonaki, an karɓi filayen manoma don a baje su a ja magudanai, aka bar su shekaru ba shuka, ga rikicin diyya da na sake rabon gonaki. Mutanen da ke ƙasa da madatsar, waɗanda ba a ma lissafa da su ba, suka ga ambaliyar da ke jiƙa fadamunsu kowace shekara ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya, W. M. Adams ya auna wannan asara a bincikensa. Manoma suka tare hanyoyi suka tsayar da aiki. A ƙarshen watan Afrilu na 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma. Adadin mamatan da hukuma ta bayar bai kai 30 ba, mutanen yankin da wasu manazarta kuwa ɗaruruwa suka ce. Labarin Bakolori ya fi yawa a takardun masana tattalin arziki, da Turanci, fiye da yadda yake a ƙagaggun labaranmu, alhali da Hausa aka yi gardamar diyyar, da Hausa kuma aka yi makoki.

Na biyun ya fi wuyar rubutawa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce ya sami amincewarsu da baki kuma cutar ce ta yi kisan. An yi shekaru ana shari'a, a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. A 2003 kuma aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano bisa zargin cewa an gurɓata maganin. Zargin bai tabbata ba, aka ci gaba da rigakafin a 2004 da maganin da aka sayo daga Indunusiya, amma kafin nan cutar ta sake bazuwa, ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta kuɓuta daga asalin ƙwayar cutar.

Marubucin da ya gaji zubin majigi zai kawo mana uban da ya rufe ƙofa ga masu rigakafi a matsayin wawan labari, a ƙarshe ya yi nadama, malamar asibiti ta yi masa nasiha. Marubucin da ya gaji fassarar El Duniya zai mayar da malamar 'yar aiken maƙiya. Uban da ya rayu a Kano a waɗannan shekaru bai yi kama da ko ɗaya ba. Ya ji abin da ya sami yara a 1996, yana ganin asibitin unguwarsu babu maganin zazzaɓi sai ya saya, ga kuma wani magani da ake biyo shi da shi har gida kyauta, sau da yawa a shekara. Ya yi lissafi irin na mai hankali, ya rufe ƙofa. Malamar da ke tsaye a waje da akwatin ƙanƙara a kafaɗa ita ma gaskiya ta kawo, kuma ba ita ta tsara gwajin 1996 ba. A cikin gidan akwai yarinya 'yar shekara biyu da za ta yi zazzaɓi bayan 'yan watanni, ta tashi ƙafarta ta hagu ba ta ɗaukarta.